Yadda ake duba ko sabuwar ƙota ta dace da kayan cikin bindigar farauta kafin a ɗaure ta

Ƙotar bindiga ba ta daɗewa a ƙasarmu kamar yadda take daɗewa a inda aka ƙero ta. Hunturu ya zo ya busar da icce ya tsotse shi, damina ta zo ta kumbura shi, ga gara, ga ɗaura bindiga a bayan babur ana faɗawa ramuka da ita daga Maradi har cikin daji, shi ya sa za ka ga yawanci a wuya take tsagewa, daidai wajen da hannu ke riƙewa a bayan kunama. In ta tsage mutum ɗayan biyu yake yi, ko ya kai ma kafinta ya sassaƙa mishi wata, ko ya sa a kawo mishi sabuwa daga waje. To duk wadda ka samu a cikin biyun, abin da nake so ka riƙe shi ne shigar ƙarfe cikin icce ba shi ke nuna sun dace ba. Ƙarfe na iya zama daram a ido, bis ya ɗauru, amma a ciki icce yana danne kunama ko ya hana makulli, wato abin da ke hana bindiga tashi, kai ƙarshe, kuma ba za ka sani ba sai ran da bindiga ta tashi ba ka taɓa ta ba.

Bayanin nan na mai bindigar farauta ne wanda ke da takardunshi. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban, kuma akwai wuraren da ba a farauta sam kamar gandun Gadabeji a wajen Dakoro. Kowa ya san halin da ake ciki ta gefen Madarumfa da Gidan Rumji, jami'an tsaro ba su wasa da maganar makami kuma suna da gaskiya, dan haka in za ka fita da bindigar zuwa wajen mai gyara ka ɗauki takardarka a aljihu, ka rabe bindigar biyu ka sa cikin jakarta. Lambar da ke jikin ƙarfe kada samfefa ko magagari ya je kusa da ita, ita ce ke cikin takardarka.

Farkon aiki, fidda harsashi. Ka juya bakinta wajen bango, ka cire sharja in tana da shi, ka ja sakata baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya rufe bayanshi, ko ka karya bindigar in mai karyawa ce, ka leƙa ramin harsashi da ido sannan ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Harsasan ka kwashe su gaba ɗaya ka kai wani ɗaki ka kulle, kada ko ɗaya ya zauna kan tabarmar da kake aiki, dan nan gaba za ka ja kunama sau da yawa wajen gwaji. Yara ma a fidda su daga wurin.

Sai ka san ainihin wace bindiga ce a hannunka, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, kai ko lambar samfur ma wani lokaci ba ta isa. Ɗauki Remington 700 wadda aka fara yi a 1962 a Amurka, iri biyu ce, mai gajeren jiki da mai dogon jiki, tsakanin bis ɗinta biyu a gajerar inci 6.5 ne wato milimita 165, a doguwar inci 7.35 wajen milimita 187, kuma ko tsawon ya yi daidai akwai ADL wadda cikinta a rufe yake daga ƙasa akwai BDL mai ƙofa a ƙasa da ake buɗewa a zubo harsasai, ƙotar ɗaya ba ta karɓar kayan ƙasan ɗayar. Savage ta fi wannan rikici, gajerunta na da tazararsu inci 4.275 ce, na baya kuma inci 4.40, bambancin milimita 3 ne kacal, ido ba ya gani a hoto amma bis ba zai shiga ba. Mauser 98 ta Jamus da ƴan uwanta da ƙasashe da dama suka ƙera, akwai mai babban zobe a gaba wajen milimita 36 akwai mai ƙarami milimita 33, sannan M48 ta Yugoslabiya ta gaza cikakkiyar 98 da milimita 5 da ɗoriya tsakanin bis da bis duk da in ka ajiye su tare za ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ƙananan CZ masu kalibar 22 ma haka, ƙotar 452 ba ta hawa 455, ta 455 ba ta hawa 457. Dan haka ka karanta duk rubutun da ke jikin ƙarfe da bututu, ka ɗauki hotonshi da waya, kuma in saye za ka yi daga nesa ka aika ma mai sayarwa awo, ka ce ya ɗora mita a kan ƙotar ya ɗauko maka hoto kafin ka tura ko dala.

Wajen kwance tsohuwar ka samu turnabis wanda bakinshi ya cika tsagar bis ɗin daidai, faɗi da kauri. Turnabis ɗin gyaran babur mai baki kamar tsinke shi ke cinye kan bis, daga nan ka shiga neman mai walda. Kowane bis ka cire ka huda kwali ka soka shi ka rubuta na gaba ko na baya, dan tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, musamman yadda akwatin sharja da risor ɗinshi suke zaune, da duk wani rondel ko ɗan bututun ƙarfe da ka tarar cikin ramin bis. Tsoffin Mauser suna da irin wannan ɗan bututu a ramin bis na baya, yana maƙalewa cikin tsohon icce mutum ya jefar da shi tare da ƙotar bai sani ba. Ita kanta tsohuwar ƙota kada ka yar da ita ko da ta rabe biyu, a jikinta za ka yi duk awon da ke tafe.

Yanzu ka ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe cikinsu na kallon sama. In za ka iya aro piye-a-kulis, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke zamewa, wajen makanike ko mai tur ya fi, in babu ƙaramar rula ta ƙarfe ma ta yi. Ka auna tsakanin ramukan bis daga tsakiya zuwa tsakiya, ka auna a jikin ƙarfen ma dan shi ne alƙali. Ka auna faɗi da zurfin kwarin da uwar bindiga ke kwanciya (uwa ita ce ƙarfen da bututu ke ɗaure a jikinshi, sakata ke tafiya a ciki), tsawo da faɗin ramin sharja, ramin kunama, wajen da hannun sakata ke sauka, da kwarin bututu. Awo ɗaya da ake yawan mantawa shi ne kaurin icce daga inda uwar bindiga ta kwanta a sama zuwa inda zoben kunama ya kwanta a ƙasa, a gaba da baya. Wannan kauri shi ke yanke ko bis ɗinka zai yi tsawo ko zai gaza, shi ke yanke yadda sharja zai tsaya a gaban sakata, shi ke yanke yawan kunamar da za ta leƙo ƙasa. In tazarar bis ta saɓa ko da milimita 2 ne, shawarata ka maida ƙotar. Wasu suna faɗaɗa ramin da diril ya zama kamar ƙwai dan bis ya wuce, ni ban yarda da wannan ba, in ramin bis ya saɓa to ramin haƙorin da ke ɗaukar shurin bindiga da na sharja ma sun saɓa.

In awo ya yi, sai gwajin sakawa, ba tare da bis ba. Ka kwantar da ƙarfen cikin icce a hankali da hannu kawai. Ban da guduma, ban da jawo shi da ƙarfin bis. In ya tsaya a hanya akwai abin da ya tokare, kuma hanyar gano shi mai sauƙi ce ƙwarai: ka kunna kyandir ka bi ƙasan ƙarfen da hayaƙin har ya yi baƙi, kada ka bari ya yi zafi kuma kada wuta ta je wajen risor ɗin kunama, ko ka shafa jan-baki siriri in shi ke kusa. Ka saka ƙarfen ka danna kaɗan ka ɗago shi a miƙe. Duk inda icce ya taɓa za ka ga tabo. A kan sabon icce mai haske tabon yana fitowa ɓaro-ɓaro, wani kamar ƙwayar gero a gefen ramin kunama, wani dogon layi siriri a gefe ɗaya na kwarin bututu ɗaya gefen kuwa fari tas, wannan layin yana gaya maka ƙarfen ya karkata. Ka kankare wajen tabon kaɗai da kurfi mai kaifi ko wuƙa, ɗan kaɗan, ka sake baƙi ka sake sakawa. Aikin yana cin lokaci, za ka maimaita har ka gaji, amma abin da ka kankare ba ya dawowa. Kuma icce ake ragewa, ba ƙarfe ba. Duk mai gyaran da ka ga ya ɗauki magagari ya nufi kunama ko abin da ke riƙe ta dan ƙota ta shiga, karɓi bindigarka ka tafi.

Akwai wurin da ake so tabon ya fito, akwai inda ba a so. Bindiga mai sakata tana da wani haƙorin ƙarfe a ƙasa, wajen da bututu ya haɗu da uwa, shi ke ɗaukar shurin bindiga ya miƙa ma icce. A Remington 700 wani faifan ƙarfe ne da aka matse tsakanin bututu da uwa, a Mauser a jikin uwar yake kuma bis ɗin gaba a cikinshi yake ɗauruwa. Bayan wanga haƙori, fuskar da ke kallon kafaɗarka, dole ta jingina da icce gaba ɗaya, baƙin ya fito ko'ina daidai. In akwai rata a nan to duk harbi bis ne zai sha shurin, ramin bis ya faɗaɗa, icce ya tsage tsakanin sharja da kunama. In ratar kaɗan ce ana cikewa da gam mai haɗi biyu irin Araldite, amma sai an shafe ƙarfen da bis ɗin duka da man takalmi an toshe duk wani rami da gam zai iya shiga, in ba haka ba ƙarfe da icce sun zama abu ɗaya har abada, dan haka in ba ka taɓa yi ba ka bar ma wanda ya saba. Inda ba a so tabo kuwa shi ne ƙarshen wutsiyar uwar bindiga ta baya. A bar ƴar rata a nan kamar kaurin kati. In wutsiyar ta tokari icce kai tsaye to ta zama tsinken faskare, duk harbi tana ƙara shiga, shi ne tsagar nan da kake gani ta taso daga bayan wutsiya ta gangara wuya. Jikin bis ma bai kamata ya goga gefen raminshi ba, ya wuce sakayau.

Maganar bis kuma. In sabuwar ƙota ta fi tsohuwa siranta ko da milimita ɗaya da rabi ne, bis ɗin gaba zai leƙo cikin uwar bindiga daidai inda haƙoran sakata ke juyawa, sai ka ga sakata ta ƙi rufuwa ko tana rufuwa da ƙyar. Na baya in ya yi tsawo ƙasan sakata yake goga. Gane shi ba wuya: ka cire sakata ka leƙa ciki da tocilar waya, ka shafa yatsa, bai kamata ka ji kan bis ya ɗago ba. In ka kwance bis ɗin ka ga bakinshi yana ƙyalli kamar an goge shi alhali sauran jikin baƙi ne, to yana taɓa wani abu. Wani lokacin kuma bis yana kai ƙarshen raminshi tun bai matse icce ba, hannu ya ji ya ɗauru amma ƙarfe na motsi a ciki. Maganin duka shi ne a rage tsawon bis kaɗan a gyara bakin zaren, wannan ne kawai ƙarfen da na yarda a taɓa. In kuma icce ya fi kauri bis ya gaza, yana kama zare biyu ko uku kawai, kada ka yarda da shi, ka nemi mai tsawo. Amma ka kula, zaren bis ɗin bindigogin Amurka na inci ne, bis ɗin da ke kasuwarmu na milimita ne, yana iya kamawa zagaye ɗaya ko biyu ka zaci ya yi, in ka tilasta shi ka kashe zaren uwar bindiga, kuma wannan ɓarnar ta fi kuɗin ƙota nesa ba kusa ba.

Kunama da makulli su ne inda rai yake, a nan nake so ka fi daɗewa. Dole kunama da duk kayanta su kasance a sake, icce bai taɓa su ta ko'ina ba, gaba da baya da gefe. Ka sa baƙi ko jan-baki a gefen akwatin kunama da sandar makulli, ka haɗa bindiga ka ɗaure bis yadda za ta zauna, ka motsa makulli gaba da baya, ka ja kunama, sannan ka kwance ka duba. Ko ɗigo ɗaya ka gani a ramin kunama ka kankare shi. Dalilin shi ne abin da ke riƙe allurar harbi a ɗane ɗan mitsitsin baki ne, bai kai milimita ɗaya ba a yawancin bindigogi, in icce ya ɗan tura kunama baya to wannan riƙon ya ragu, girgiza kaɗan ta isa ta sake shi. Makulli kuma kunnenka da yatsanka za su gaya maka, ka gwada shi tun ƙarfen na waje ka ji yadda yake cewa ƙas a ƙarshen tafiyarshi, bayan ka haɗa dole ka ji wannan ƙas ɗin daidai yadda yake. In ya zama lagwas ko ya tsaya rabin hanya, icce ya tare shi. Kuma ka tuna abin da ya wuce da ƙyar a watan Maris lokacin da icce ya bushe ƙayau, a watan Agusta zai matse, dan haka ka bar ma kunama da makulli sarari na gaske ba na ƙeƙe-da-ƙeƙe ba.

Hannun sakata in ya sauka kada ya taɓa icce, ka zura takarda a ƙarƙashinshi ta wuce. In yana taɓawa sakatar ba ta rufe har ƙarshe ba kenan. Akwatin sharja na ciki ya zauna da ɗan wasa kaɗan bayan an ɗaure bis, in ya matse ƙam tsakanin uwa da ƙarfen ƙasa to shi ke ɗauke da ɗaurin ba icce ba, saiti zai lalace. Sharja mai cirewa kuma ya shiga ya kama ya fita ba tare da duka ba. Gwajin hawan harsashi ana yin shi da harsasan gwaji marasa albarushi, ba da masu rai a cikin gida ba ko da makulli na kulle.

Kwarin bututu ba shi da wahala. Ka ɗauki takardar jika ɗaya ka naɗo ta ƙarƙashin bututu ka ja daga gaba zuwa wajen uwa. In bindigarka irin wadda bututunta ke sake ne, takardar za ta wuce ba tsayawa. Wasu kamfanoni da gangan suke barin ɗan tudu a bakin ƙota yana tallafe bututu daga ƙasa, ka duba tsohuwar ka gani in akwai. Abin da ba a so shi ne taɓawa ta gefe ɗaya. Ka duba ƙusar maɗaurin rataya ta gaba ma, tana yawan huda icce ta taɓo bututu.

Mu nan dai akwai masu karyawa a hannun mafarauta, irin Baikal mai baki ɗaya ta Izhevsk a Rasha, IZH-18 wadda daga baya ake rubuta ma MP-18, da tsoffin Simplex na Manufrance daga Faransa da wasu suka gada wajen iyaye. A Baikal da ire-irenta ƙota wani dogon bis ne ke riƙe da ita ta ciki, sai ka cire tafin ƙota na baya za ka gan shi can ƙasan rami. Ka haska tocila ka tabbata bakin turnabis ya zauna cikin tsagar bis kafin ka murɗa, in ya zame ya shiga tsakanin kan bis da icce ka murɗa da ƙarfi gefen ƙotar zai fashe, sabuwa fil ma haka take fashewa. Ka duba kuma ko zoben kunama yana da ƙaramin bis da ya shiga icce ta ƙasa, ka cire shi tukun. Abin dubawa a sabuwar shi ne goshinta, inda icce ya haɗu da ƙarfe, ɓangaren dama da na hagu su jingina daidai wa daida, baƙi ya fito a duka biyun. In gefe ɗaya ne ke ɗauka shi zai ɓalle. Sai cikin ramin, dan a irin waɗannan bindigogi kayan harbin suna shigowa cikin kan ƙotar, dole su yi motsinsu ba su goga icce ba, haka hannun buɗewa da ke bayan zoben kunama a Baikal ya tafi har ƙarshe ya dawo da kanshi. Dogon bis ɗin kada ka manta rondel ɗinshi, kuma in ramin sabuwar ƙota ya fi zurfi bis zai wuce ya leƙo wajen kayan ciki, a ƙara rondel ko a rage shi. Iccen gaba in shi ma ka canza, ya kama da ɗan ƙarfi ba ya kwarkwar, kuma ka karya bindigar ka ga abin da ke turo kwanso yana fitowa yadda ya saba.

Bindigar iska ta harbin tsuntsaye irin Diana ko Gamo ita ma ana canza mata ƙota, yawanci bis biyu a gaba ta gefe da ɗaya ko biyu a zoben kunama. Kada ka kwance ta tana ɗane, risor ɗinta na iya karya yatsa, kuma ka duba tsagar da sandar ɗanawa ke bi a ƙasa ba ta goga.

In kafinta ne zai sassaƙa maka, iccen ya fi gwanintarshi muhimmanci. Kamfanoni da iccen noye, wani icce na ƙasashen waje, ko makamancinshi wanda ya shekara yana bushewa suke yi. A nan maɗaci ko madobiya da suka bushe sosai suna yi, kirya tana da ƙarfi amma nauyinta zai gajiyar da kai a daji. Ɗanyen icce ko mai sauran laima kada ka karɓa ko kyauta ne, zai tsuke ya murɗe bayan wata biyu duk awon da ka yi ya tashi a banza. Ka duba jijiyar iccen ta bi tsawon wuya a miƙe, in ta gitta wuyan a karkace nan zai karye, haka gatari yake cin ƙotar da jijiyarta ta gitta. Ka ba shi tsohuwar ƙota ya kwaikwaya, ka ce ya bar cikin da ɗan sauran nama, ku ƙarasa tare da baƙin kyandir. Tsawo daga kunama zuwa tafin ƙota ga yawancin manya tsakanin santimita 34 ne zuwa 37, in tsohuwar ta yi maka daidai a kafaɗa a bi ta. Bayan an gama kankara a shafe cikin da berni siriri ko man lin dan laima kada ta shiga, ban da baƙin mai na mota, yana ruɓar da icce ya mai da shi taɓo a wajen bis.

Wajen ɗaurin ƙarshe, ka saka bis duka da hannu su kama kaɗan, ka tsayar da bindiga a tsaye bakinta sama ka ɗan buga gindinta a tabarma dan haƙorin ya zauna a mazauninshi, sannan ka matse na gaba, sai na baya, kaɗan-kaɗan kana canzawa. In kamfani ya faɗi awon ɗauri kuma kana da kile mai awo ka bi nashi, a ƙotar icce zalla abin ba ya wuce Nm 3 zuwa 4 a yawanci (Nm shi ne awon ƙarfin murɗawa da kile ke nunawa), ƙananan 22 ma ƙasa da haka. In babu kile, ƙarfin tafin hannu ɗaya ya isa, kada ka sa filaya ka ƙara, icce zai lotse. Ga wata dabara: ka ɗora yatsa a inda bututu ya haɗu da bakin ƙota ka sassauta bis ɗin gaba, in ka ji bututun ya ɗaga sosai to uwar bindiga a lanƙwashe take zaune, akwai tudu a ƙarƙashinta da ba ka gano ba, a koma ga baƙin kyandir.

Sai gwajin lafiya, bindiga ba harsashi, ka sake leƙawa ka tabbata, baki na kallon bango. Ka ɗana ta ka sa makulli ka ja kunama da ƙarfi, kada ta tashi. Ka saki kunama ka cire makulli, nan ma kada ta tashi, wannan shi ne gwajin da ya fi kama matsala. Ka sake ɗanawa ka rufe sakata da ƙarfi ko ka rufe mai karyawa da ɗan ƙarfi, ka maimaita. Ka ɗana ka cire makulli ka buga gindinta a tabarma daga tsawon taƙi ɗaya, ka bubbuga gefen ƙota da tafin hannu. In allura ta sauka ko sau ɗaya a cikin waɗannan, kada harsashi ya shiga bindigar nan, ka kwance ka duba, in ba ka ga tabon icce ba to matsalar a kunamar take sai mai gyaran da ya san aikinshi. Mai kalibar 22 ka sa mata kwanson da aka riga aka harba kafin ka ja kunama dan allurarta kada ta daki bakin ramin.

In duk ta wuce sai a fita wajen gari inda doka ta yarda, a samu tudun ƙasa a bayan abin da za a harba, ba dutse ba, ba inda makiyaya ke bi ba. Saitinka na da ya tafi tare da tsohuwar ƙota, ka fara daga mita 25 ka gyara sannan ka ja baya zuwa 50 ko 100. Bayan harbi uku zuwa biyar ka fidda harsashi ka taɓa bis ɗin ka ji ko sun saki, ka duba bayan wutsiya da goshin ƙota da kyau a cikin hasken rana ko wata siririyar tsaga ta fara. Sabon icce yana ɗan kwantawa a makonnin farko dan haka ka sake taɓa bis ɗin bayan wata guda, kuma in ruwan farko ya sauka a Yuni iska ta yi laima ka maimaita gwajin makulli da na takardar jika, haka ma in hunturu ya shigo.